Gyare da Duwatsun Wuyan Adda

Tun ina yaro aka san ni da tsoro, kuma ban taɓa ɓata bakina wajen musu ba. Ina tsoron kare, ina tsoron tsawa, ina tsoron allura, har saniya in ta zuba mini ido sai in canja hanya, abin kunya ga wanda aka binne cibiyarsa a ruga. Goggo, ƙanwar mahaifina wadda ta ɗauke ni tun daga yaye ta riƙe ni a Batsari, takan ce ni ko inuwata ce ta motsa ba da shawarata ba sai na yi salati. Amma duk wannan wasan yara ne. Tsoro na gaske ban san shi ba sai bazarar da na aro wata na'ura daga jami'a, ta je ta yi kuka a jikin mahaifiyata.

Lokacin ina koyar da fiziks a wata sakandare a Batsari, ƙarshen mako kuma ina shiga Katsina karatun digiri na biyu. Aikin da malamina ya ba ni shi ne in zaga ƙauyukan Batsari da Safana in auna radiyeshan ɗin da duwatsunmu da rijiyoyinmu ke fitarwa. Radiyeshan wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne da ke tsirgowa daga wasu ma'adinai, ido ba ya ganinsu, hanci ba ya jin warinsu, suna kuma ratsa jikin mutum. Kaɗan daga cikinsa yana ko'ina, a cikinsa aka haife mu, ba ya hana kowa tsufa. In ya yi yawa ne yake ɓata jini ya jawo cutar daji.

Na'urar akwati ce kamar tsohuwar rediyo, da allura a fuskarta da maɓalli mai juyawa, sai doguwar waya da ta haɗa ta da wani bututun ƙarfe mai tsawon tocila. Ranar da zai ba ni ita malamin ya zaunar da ni ya maimaita mini abin da na riga na karanta, don ya san halin ɗalibai. Bututun a toshe yake, cike da iskar gas, kuma siririyar waya ta ratsa tsakiyarsa ɗauke da wutar lantarki mai ƙarfi. Iskar na zaune lafiya, ba ta barin wuta ta wuce. Amma da ƙwayar radiyeshan ɗaya ta kutsa ciki sai ta ɓantare ilektaron, wato ɗan ɓurɓushin lantarki, daga jikin iskar, wayar ta fizgo shi da gudu, a hanya ya bangaji wasu ya ɓantaro su, su ma su ɓantaro wasu, kafin ƙiftawar ido tartsatsi ya kama wayar daga wannan baki zuwa wancan. Tartsatsin nan shi ne ƙyas ɗin da ake ji a lasifika, kowace ƙwaya da nata. To wuta in ta kama ba ta son mutuwa, shi ya sa ake zuba wata iskar kaɗan a ciki wadda aikinta kawai ta kashe tartsatsin, bututun ya huta ya jira ƙwaya ta gaba.

Matsalar, in ji shi, tamu ta tsufa. Iskar nan mai kashe wuta tana raguwa da kowane tartsatsi, kuma in ta yi ƙasa, ko aka murɗa maɓallin wuta ya wuce kima, sai tartsatsi ya haifi tartsatsi, bututun ya yi ta kuka shi kaɗai alhali ba abin da ya shige shi. Ya ce in na ji ta ɓarke kada in ruga in tara wa kaina jama'a. In rage wutar kaɗan in kalli allura. In kukan gaskiya ne allurar za ta tsaya kusan inda take, domin akwai wani tsakani da ƙarin wuta ko raginta ba ya canja komai. In na ƙarya ne, nan take za ta zube.

Ɗalibaina ne suka raɗa mata suna Gyare, saboda ƙyas-ƙyas ɗin da take yi jefi-jefi ko a cikin aji, kuma sunan ya bi ta. Na yi ta yawo da ita a bayan ɗan acaɓa, daga gindin wannan dutse zuwa bakin waccan rijiya, ba abin da take yi sai wannan ƙyas ɗin nata na kasala. Sau ɗaya ta so ta kashe ni da raina. A bakin wata rijiya ce a Wagini, mata na jan ruwa, ina kunna ta sai ta ɓarke da ƙara ba numfashi, allura ta tafi ta manne a ƙarshe. Har na buɗe baki zan ce kowa ya saki guga, sai Allah ya sa na dubi maɓallin. Ashe girgizar babur ce ta murɗa shi a cikin jaka. Ina mayar da shi ta yi tsit kamar ba ita ba. Wani dattijo da ke ba jakinsa ruwa ya tambaye ni ko yunwa take ji. Tun daga ranar na ɗauki Gyare a maƙaryaciya, kuma hakan ya yi mini daɗi.

Da aiki ya kai ni wajen Zakka sai na ce bari in haɗa da gaida mahaifiyata. Tun bayan rasuwar mahaifina, da kuma yadda daji ya lalace da 'yan bindiga, ƙannena suka taso da ruga suka dawo da ita daf da gari. Tafiya can tana da doka: sai rana ta ɗaga an ji labarin hanya, kuma kafin la'asar ka kama gabanka. Goggo ta ce da ita za a je. A hanya, tana bayan ɗaya babur ɗin, ta ɗaga murya ta ce mini an gaya mata uwar tawa ta rame, muryarta kuma ta dushe tun sanyin da ya wuce, amma ita ta ce mura ce.

Ni ne ɗan fari, kuma wanda bai zauna da Fulani ba ba zai gane nauyin wannan ba. Mahaifiyata ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ba ta zama inda nake zaune, ba ta kallona, ba ta yi mini magana. Ni ma ban taɓa ce mata Inna ba, Adda nake cewa, yadda na ji ƙannenta na kiranta. In na je gaisuwa nakan durƙusa daga bakin bukka, kaina a ƙasa, in gaida iska, iska ta amsa daga ciki a taƙaice. In tana da saƙo sai ta ba Goggo, in ba Goggo sai ta ba duk abin da ke kusa. Na taɓa jin tana gaya wa wata akuya cewa ruwan alwala na bayan ɗaki. Saboda haka na fi sanin ƙafafunta da fuskarta: na san faso a duga-duganta, na san yatsan da sa ya taɓa takawa ya karkace. Mutane na yaba mata, suna cewa ta cika Bafulatana. Ni kuwa wani lokaci abin na yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, amma ina sonta irin son da ba shi da inda zai sauka.

Bayan gaisuwa aka shimfiɗa mini tabarma a gindin wata bedi. Na kifa turmi na ɗora bututun a kai, na kunna Gyare don in ji yanayin wurin, tana ta ƙyas ɗinta na kasala. Can sai ga ƙafafun da na sani. Adda ce da ƙwaryar fura da nono, mayafi rufe da kanta da kafaɗunta. Ta sunkuya za ta ajiye a gindin turmin, sai Gyare ta rikice, ƙyas-ƙyas-ƙyas ba tsayawa, kamar ana soya gurguru. Ta miƙe ta tafi, kukan ya lafa.

Na ce a raina maƙaryaciya ta fara. Na duba maɓalli, yana inda na bar shi. Na sa bututun a bakin ƙwaryar, ba komai. Na sha furar ba tare da na ji ɗanɗanonta ba. Da ta dawo ɗaukar ƙwaryar ta sake sunkuyawa, sai kukan ya dawo, ta juya baya ya tafi da ita. Na tashi da sunan aiki na auna duk abin da na san hannunta na taɓawa, randa, ƙoren nono, murhu, tabarmar sallarta da ke shanye, har da ƙasar ƙofar bukka. Duk lafiya lau. Abu ɗaya ya rage ban auna ba, shi kuwa ba ni da fuskar da zan nuna shi da bututu.

Goggo ce ta yi mini aikin ba ta sani ba. Ta same ni ina zufa ta ce in ba ta abin nan ta gwada, tun da wayar doguwa ce. Na riƙe akwatin daga nesa, ita ta ɗauki bututun ta nufi inda matan ƙannena da maƙwabta ke zaune suna sussukar gero, ta ce yau za a san wadda ta fi kowa gulma. Ta ɗora wa wannan a ka, ta ɗora wa waccan a baya, ana ta shewa, Gyare ba ta kula kowa ba. Sai ta lallaɓa ta bayan Adda ta ɗora mata a kafaɗa. Lasifika ta ɓarke. Mata suka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki.

"Kun gani ko," in ji Goggo. "Wanga abu ya san uwar maigida nai."

Suna dariya ni ina addu'a. Ban taɓa roƙon Allah ya sa wani abu ya zama maƙaryaci ba sai ranar. Na sa yatsa na rage wutar kaɗan, idona a kan allura, ina jiran ta zube yadda ta yi a Wagini. Ba ta zube ba. Na ƙara ragewa, ta ɗan girgiza ta tsaya a inda take. Tartsatsin nan ba haihuwar juna yake yi ba, kowane ɗaya wani abu ne ya shiga bututun ya kunna shi, kuma daga jikin uwata abin yake fitowa. Adda ta ture hannun Goggo ta tashi ta shige bukka, aka ce kunya ce ta kore ta.

Ban ce wa kowa komai ba. Me zan ce, kuma wa zan ce wa? Masu babur suka fara danna oda, muka kamo hanya. Kullum in muka shiga wata kwana mai duhuwa da ke hanyar idona na kan itatuwa, ina jiran a tsayar da mu. Ran nan har muka wuce ban san mun wuce ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Na shiga waya na karanta duk abin da bai kamata matsoraci ya karanta ba, labaran mutanen da suka tsinci wani ƙarfe suka kai gida, da waɗanda suka shaƙi ƙurar ma'adinai ta zauna musu a ƙashi. Duk wanda na karanta sai in haɗa shi da rama da dushewar murya, in ga ya zauna daram. Na tsaya gaban allo na rubuta lissafin da ɗalibai suka gyara mini. Tuwo ya ƙi wucewa. Goggo ta ɗauka wata yarinya ce ta juya mini baya, har ta fara yi mini nasiha kan halin 'yan matan zamani. Na so in koma washegari, amma aka ce hanya ba kyau, ba ɗan acaɓan da zai bi ta ko da me za ka ba shi. Na zauna da abin a cikina kamar na haɗiyi taɓarya.

Daga ƙarshe na kira malamina. Na ce wata tsohuwa ce a wani ƙauye, don bakina ya kasa cewa uwata. Ya tambaye ni ko na gwada rage wuta, na ce na gwada. Ya tambaya ko an taɓa kai ta babban asibiti an ba ta irin maganin nan na maƙoƙo mai radiyeshan, na ce ko allurar rigakafi sai an yi da gaske. Sai ya ce to in bar canki-canki, in koma in raba matar da kayan jikinta, in auna kowanne daban. Ya tambayi abin da take sawa a wuya da hannu. Na ce ban sani ba. Ya ce wane irin ɗalibi ne ni, na tsaya kusa da mutum ban ga abin da ke wuyansa ba. Ba zan iya yi masa bayanin kunyar ɗan fari ba.

Ya ce dalilin tambayarsa, akwai wasu tsofaffin duwatsun wuya na gilashi, rawaya mai sirkin kore, da fatake suka shigo da su tun zamanin kakanni, kuma matan Fulani sun so su ƙwarai. Masu narka gilashin kan zuba yuraniyam kaɗan, wani ma'adini mai fitar da radiyeshan, don launin ya fito, shi ya sa na'ura irin tamu ke jin su in ta matso.

"In su ne, ka je ka yi barcinka," in ji shi. "Abin da suke fitarwa bai kai a ɗaga hankali ba. In kuwa an cire su na'urar ta ci gaba da kuka a jikinta, ka kira ni nan take."

Na tarar da Goggo tana tankaɗe na tambaye ta ko Adda na sa duwatsu. Ta dube ni kamar na tambaye ta ko saniya na da ƙaho. Ta ce ai na uwar Adda ne, masu ruwan man gyaɗa, shekara da shekaru suna ƙunshe a cikin ƙwarya ba ta taɓa su, sai bara ta fiddo ta jera su a wuya rututu tun daga ƙashin wuya har haɓa, har mata na yi mata tsiya wai tsohuwa ta koma amarya. Ban tsaya tunanin me ya sa sai bara ba. Murna ce ta rufe ni, na zauna a ƙasa na fayyace wa Goggo komai. Ta ajiye rariya, dariyar ran nan ta bar fuskarta. Ta ce ranar da hanya ta buɗe da ita za a koma, kuma cire duwatsu ai ba wani abu ba ne, in bar mata.

Ashe wani abu ne. Da muka koma Goggo ta shiga bukka, ni na tsuguna a waje da Gyare a cinya, ina jin su ta cikin kara. Goggo ta fara da wasa, ta koma lallashi, ta koma roƙo. Muryar Adda, wadda ban taɓa jin ta yi doguwar magana ba, tana fita a shaƙe kamar ana jan busasshen kara a ƙasa. Ta ce duwatsun uwarta ne, ba ta fidda su don wani ƙarfe ya yi kuka. Goggo ta ce na ɗan lokaci ne, a auna a mayar. Adda ta ce a'a. Goggo ta ce yaron nan ya bar cin abinci. Adda ta sake cewa a'a.

Inuwa ta fara juyawa. Masu babur suka aiko a gaya mana su fa ba za su kai la'asar ba. Na ga za a sake mayar da ni Batsari da abin nan a ciki, ba ranar dawowa, ban san ko duwatsu ne ko jininta ba. Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida. Ni ran nan tsoron ya biyo ni har gida, ya fi ƙarfin kunyar. Zuciya ta ɗebe ni, na tuɓe takalma na sunkuya na shiga bukkar, ni da rabona da shiga ɗakinta tun ina shan nono.

"Adda," na ce, "don girman Allah ki cire su. Tsoro nake ji."

Goggo ta ce mini in fita, amma ba da ƙarfi ba. Adda ta juya fuskarta ga bango. Sannan ta ce da Goggo, "Ce mashi shi juya baya."

Na juya na fuskanci ƙofa. Na ji tana kwance zare, na ji duwatsu na zuba a kan faifai, silli bayan silli, abin ya ƙi ƙarewa. Aka turo faifan ta gefena. Ga su nan tuli, rawaya mai sirkin kore, sun sha hannu har sun yi santsi. Na kunna Gyare na kusantar da bututun, ta ɓarke. Na rage wuta, allura ta tsaya. Na janye bututun, kuka ya lafa, na mayar, ya dawo. Wallahi ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba. Na yi ta hamdala, ina zuba surutu ina kallon ƙofa, cewa su ne, duwatsun ne, malam ya ce ba komai, ko jikokinta ma za su iya sawa. Na daɗe ina zuba kafin na lura ba wanda ya taya ni. Abin da kawai ke fitowa daga bayana muryar Goggo ce ƙasa-ƙasa, tana maimaita innalillahi.

Na juyo. Ba wanda ya ba ni izini.

A gefen wuyanta na hagu, ƙarƙashin muƙamuƙi, akwai ƙullutu kamar ƙwan zabo, fatar wurin ta ɗame tana sheƙi, da wani ƙarami a gindinsa. Duwatsun sun bar sawunsu layi-layi a kansa saboda yadda take matse su. Na ɗaga ido na ga fuskar uwata sosai, a kusa, ina da shekara talatin da ɗoriya. Ashe hancina nata ne. Ashe ta tsufa haka. Ba ta ja mayafi ta rufe ba, ta dai zuba wa ƙasa ido.

"Shi sa mashi abin, mu ji," ta ce da Goggo.

Na matsa da gwiwa na kai bututun kusa da ƙullutun. Gyare ta yi ƙyas, ta huta, ta sake yin ƙyas, irin na kasalar nan da take yi a gindin kowane dutse. Amsar da na kwana na tashi ina roƙo ke nan, ga ta an ba ni, kuma ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Na ce wa Goggo na'urar ba ta jin irin wannan, ba aikinta ba ne, wannan sai likita.

Adda ta yi ajiyar zuciya. Ta ce ita tun ranar da aka ɗora mata abin a kafaɗa ya yi kuka ta ɗauka shi ya ji, ya tona ta a gaban mata, kuma tun ranar ba ta runtsa ba. Goggo, hawaye na zuba, ta hau ta da faɗa, ta ce shekara guda tana ɗauke da wannan ba ta gaya wa kowa ba, sai ka ce ba ta da dangi.

"In hwaɗa ma wa?" in ji Adda. "Waɗanga na nan shanu suka sani. Shi ɗai ka kai mutum asibiti, shi kau ba ni iya hwaɗa mashi."

Na fita na gaya wa ƙannena, na ce wa masu babur a samo na uku, yanzu za mu wuce da ita Batsari, da safe sai Katsina. Na shirya wa gardama, har na tanadi abin da zan ce, amma ba ta yi ba. Sharaɗi ɗaya ta kafa, ta bakin Goggo: ba za ta ratsa gari da wuya a buɗe ba, sai an mayar mata da duwatsunta.

Likitoci sun yi nasu, Allah kuma ya ara mana ita damina biyu bayan wannan. Amma ranar ban san ko biyu ba ce ko ɗaya ko babu, abin da na sani kawai rana na sauka kuma masu babur na jira. Goggo ta ɗauki silli na farko, zaren ya yi ta kuɓuce mata, idonta ma ba ya gani don kuka. Ta miƙo mini faifan. Na durƙusa a bayan Adda na fara jera su ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa zuwa sama, yadda sawunsu ya nuna mini. Da na zo kan wanda ke bi ta saman ƙullutun na ja zaren zan ɗaure, sai na ji ta ɗan noƙe.

"Sassauta kaɗan," ta ce. "Da zahi."

Na sassauta.